Barkwancin da Ya Hana Hidaya Barci

Akwai wani mai sayar da turare a Gardolé, Alhaji Siradji, wanda ya rantse duk N'Djamena babu uban da aka zalunta kamarsa. Laifin kuwa? 'Yarsa Hidaya, mai shekara goma sha shida, ta daina dariya in ya yi barkwanci. Shi da ake cika shagonsa don jin bakinsa!

Ya kai ƙara wajen matarsa Safia. "Na haifa, na ciyar, na sa a makaranta, yanzu dariya ma sai na roƙa?"

"Alhaji, yarinyar nan ba ta barci, ba ta cin abinci. Je ka tambaye ta."

Ya same ta a tsakar gida, ta rame, ga littafi a cinya amma ba karatu take ba.

"Uwata, me na yi miki?"

"Baba, yaushe nawa zai fara?"

"Naki me?"

"Ciwon Baffa Junaid."

Junaid ƙaninsa ne, mai fama da taɓin hankali. Ya ɓoye shi a Lamadji, can gefen gari, ba ya zuwa wajensa sai da dare, yana gaya wa mutane wai yana Kano yana kasuwanci, don kada masu binciken asali su guji 'ya'yansa in aure ya zo. A gida kuwa, in Hidaya ta manta gishiri ko ta yi magana ita kaɗai, sai ya kwashe da dariya: "To fa, jinin Junaid ya motsa!"

"Kullum kana faɗa," ta ce. "Ko biro na manta sai in ce shi ke nan, ya zo."

Alhaji ya zauna dirshan a ƙasa da babbar rigarsa.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, akwai shi a danginmu. Amma likitan Junaid ya ce gado ba hukunci ba ne, yawancin 'yan'uwan masu ciwon lafiyarsu ƙalau. In ma ya zo, akwai magani. Gobe mu je ki tambaye shi da bakinki, mu biya mu gaida baffanki."

"Da rana?"

"Da rana tsaka, kowa na gani."

Safia ta leƙo daga bakin ƙofa. "To Alhaji, wa ya zalunci wa?"

"Ni ne. Da bakina na ɗora mata wannan tsoro. Amma don Allah kada zancen ya kai kasuwa."

Darasi: Ciwon da ke cikin dangi ba abin ɓoyewa ba ne, ba kuma abin tsokana ba. Zaunar da ɗanka ka gaya masa gaskiya a hankali, kafin tsoro ya riga ka. Ku tura wa iyaye, wataƙila akwai wata Hidaya a gidansu.