Kiredit Ɗin Malam Sabitu

Akwai wani tsohon malamin sakandare a unguwar Ɗan Iya, cikin garin Bauchi, ana ce masa Malam Sabitu. Shekara talatin ya yi yana duba takardun jarrabawa kafin ya yi ritaya. Mutumin kirki ne, wannan kam ba gardama, amma bakinsa bai iya furta "ban sani ba". Ko a kan maganin sauro ake musu, Malam ne mai yanke hukunci.

Ɗansa namiji ɗaya ne tal, Ja'afaru, bakanike a Legas mai gyaran injin ƙananan jiragen ruwa.

Wata rana da damina Ja'afaru ya bugo waya. Ya ce maigidansa ya sayi jirgin shaƙatawa na hannu, irin wanda ake ɗaura wa ƙyalle iska ta tura shi, yana so su yi tafiyar kwanaki zuwa wani tsibiri can tsakiyar teku. Ya ce hankalinsa bai kwanta ba. Ya turo hoton wani ɗan allon ƙarfe da ke manne a jikin jirgin, mai ɗauke da babban harafin C, ya roƙi a nuna wa Baba Toma.

Shi Toma maƙwabcinsu ne, tsohon sojan ruwa, yanzu kaji yake kiwo a bayan gidansa.

Nan fa ran Malam ya ɓaci. Wato shi da ya karantar da rabin unguwa, a ce mai kiwon kaji zai karanta masa harafi? Matarsa Saudatu ta ce ya daure ya leƙa, ai ba nisa. Ko kallonta bai yi ba. Ya danna waya ya aika saƙon murya:

"Kai Ja'afaru, C ai kiredit ne. Da kiredit ake shiga jami'a. Jirgi ya ci jarrabawa, ka tafi, Allah ya tsare."

Ja'afaru bai taɓa musu da mahaifinsa ba. Ya amsa da "To, Baba", suka tashi ranar Talata.

Kwana biyar shiru. Kwana tara, waya a kashe. Saudatu ta kasa ci ta kasa sha, ta yafa mayafi ta ɗauki wayar ta nufi gidan Toma, Malam na biye da ita kamar wanda aka tilasta.

Toma ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya cire tabarau. Ya ce musu wannan harafi ba maki ba ne, iyaka ce. Harafin yana nuna iya inda aka gina jirgi don ya je. Mai A shi aka yi don tsakiyar teku, shi ma sai an duba lafiyarsa da yanayin sama. Mai C kuwa na kusa da gaɓa ne, inda idan hadari ya taso za a gudu a fake.

"Malam, da ka nuna mini," in ji Toma, "wallahi da na ce kada ya sa ƙafa."

Bayan mako uku aka bugo daga Legas. Masunta sun tsinci ɓangaren jirgin, ba a ga kowa ba. Jama'a, ina rubuta wannan zuciyata na ƙuna. Babu gawa, babu kabarin da uwa za ta san ɗanta na ciki. Masu gaisuwa suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, Malam ya amsa musu da kai kawai.

Yanzu ya daina zuwa majalisa. Yana zaune a zaure yana sake sauraron saƙon nan, muryarsa cike da tabbaci, maganar ƙarshe da ɗansa ya ji daga gida.

Saudatu ba ta taɓa yi masa gori ba. Sau ɗaya kawai, tana ajiye masa abinci, ta ce:

"Malam, taku nawa ne daga nan zuwa ƙofar Toma?"

Malam ya riga ya ƙirga. Taku arba'in da biyu ne.

Darasi: Sanin harafi daban, sanin abin da yake nufi a sana'ar wasu daban. Idan rai na cikin magana, ka ajiye girman kai ka tambayi mai sana'ar, ko da kana ganin ka fi shi karatu. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda taku kaɗan ya rage masa ya tambaya.