Farar Kazar Inna

Akwai wani mai walda da ake kira Tartsatsi. Bayan shagonsa akwai kangon gareji, katanga ta zagaye shi, tsohon kwano ya rufe samansa. Kaji ne maƙil a ciki, ba su da mai su. Can suka hayayyafa cikin matattun motoci. Babu mage, babu kare, shaho ma ba ya hango su.

Kun san admin ɗinku, ba ƙaramin abu ke tayar min da zuciya ba, amma wurin nan ya kai. Kashi har kan sitiyari, wari kamar ya ka da mutum. Kaza na yin ƙwai, 'yar'uwarta na tsaye tana jira ta fasa ta shanye. Zakara ya ga mutum ko gezau, sai ma ya biyo shi.

Tartsatsi kuwa taƙama yake da su. "Kajin nan sarakai ne, ba su san tsoro ba."

Ran nan mahaifiyarsa za ta kwanta asibiti a yi mata aikin ido. Ta zo rungume da farar kazarta, wadda ke kwana ƙarƙashin gadonta tun rasuwar maigidanta.

"Ga amana, ɗan nan. Kar mage ta taɓa min ita."

"Haba Inna! Inda zan sa ta, ko ɓera sai da izini."

Tana tafiya ya nufi katanga. Maƙwabcinsa mai faci ya ce, "Maigida, kajin nan ba sa son baƙo. Kai ta gida mana."

"Kai ka tsaya kan iskar taya, ka bar mana harkar kaji."

Ya cilla ta ciki.

Baiwar Allah ta nufe su da sakin jiki. Ɗaya ta kai mata sara a ka, jini ya fito. Suna ganin ja suka yi mata caa. Tartsatsi ya leƙa, ya yi dariya, ya ce, "Gaisuwa ce," ya koma ya kunna injinsa.

Da yamma gashinta kawai ya tarar, da ƙafafu biyu. Wani zakara na yawo da hanji a baki. Tir!

Sai gogan ya yi dabara: ai idon Inna a ɗaure yake. Ya kamo wata fara cikin kajin garejin, ya wanke ta da sabulu, ya kai mata ranar da aka sallamo ta.

Inna ta miƙa hannu tana kiranta. Kazar ta sare ta a yatsa, ta ɗare kan filo ta zabga kashi.

"Ina kazata?"

Ya sunkuyar da kai. "Ta mutu, Inna."

"Mage ce?"

"A'a."

"Kare?"

"'Yan'uwanta ne suka cinye ta."

"Yunwa suke ji?"

"A ƙoshe suke, Inna."

Ta shafa yatsan.

"Da mage ce, sai in ce abincinta ta ci. Kwashe wannan ƙazantar ka fita. Ka turo min ƙanwarka, ita za ta yi jinyata."

Darasi: Wanda ya tashi ba ya shakkar kowa, nasa yake fara ci. Kada ka kai amanar da aka ba ka cikin irinsu don kawai ka ga babu maƙiyi a waje. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu taƙama da "gidanmu ba a tsawata wa kowa".