Gyaɗar da Kurege Ya Ɓoye a Kumatu

An yi wani Kurege mai cika bakin ya iya lissafi. Cewa yake ya taɓa ƙirga ganyen tsamiya kaf. In ka tambaye shi nawa ne, sai ya ce ai iska ta zubar da wasu, sai ya sake.

Da kaka ta yi, shi da Gafiya mai saurin fushi da Bushiya mai sanyin baki suka je kalar gyaɗa. Abin da suka tara shi ne abincinsu har damina. Kurege ne ya ƙirga. Dubu uku da huɗu.

A ransa ya ce, "Wannan cika ce, za ta rabu." Wuf, ya jefa ƙwaya ɗaya a kumatu.

"Jama'a, an samu matsala," in ji shi. "Dubu uku da uku ce. Mara ce, kuma mara ba ta rabuwa. Ku bar mini ita ajiya."

"Ajiyar uban wa?" Gafiya ta daka tsalle. "Ni na tono rabinta da faratana!"

"Yaya Gafiya, lissafi ba tono ba ne."

Bushiya ta ce, "Malam Kurege, mu dai mu gwada mana."

"Inna, ɓata lokaci ne. Amma ku gwada. In ko ɗaya ta yi saura, tulin duka nawa ne. In ta rabu daidai, na yafe kasona."

"Mun ji," in ji Gafiya. "Kowa shaida ne."

Bushiya ta zauna tana ajewa: taka, taki, tawa. Tun hantsi har la'asar. Kurege na kwance a inuwa yana kaɗa jela.

Ƙwaya ta ƙarshe ta faɗa kan tuli na uku. Kowane tuli dubu da ɗaya, ƙasa kuma fes.

Kurege ya miƙe zumbur. "Ba zai yiwu ba! Mara ce fa!"

"Gida biyu ne mara take ƙi," in ji Bushiya. "Mu kuwa uku ne."

Nan ya gane da bai taɓa komai ba, da ɗaya ta yi saura, da ya kwashe duka. Sai ya tofo gyaɗar. "Ga saura! Yanzu na tsince ta!"

Gafiya ta ɗauka ta shinshina. "A ina ka tsince ta take jiƙe da yawu? Ƙasa ce ta fara tauna?"

Gafiya da Bushiya suka raba kason Kurege: ɗari biyar biyar, saura ɗaya. Da aka haɗa da mai yawun, kowacce ta ƙara guda. Gafiya ta ce Bushiya ta ɗauki jiƙaƙƙiyar.

Darasin wannan labari shi ne, kada ka sa abincinka caca a kan ilimin da rabinsa kawai ka sani. In kuma cuta ka shirya, ita ce za ta fara cutar ka.