Ofishin Da Ba A Tashi Sai Pak Darmaji Ya Tashi

Akwai wata mata a garin Bekasi, gefen birnin Jakarta, mai suna Wulan, tana zana taswirar gidaje a wani ƙaramin kamfani da ke tsakiyar Jakarta. Shekara shida na yi a teburin da ke kusa da nata, don haka akasarin wannan labarin a kan idona ya faru.

Ofishinmu yana da wata al'ada da ba a rubuta ta a ko'ina ba. Ba mai ɗaukar jakarsa sai mai kamfanin, Pak Darmaji (Pak a can kamar a ce Malam ne), ya fito. Yau ya fita ƙarfe biyar, gobe ya kai tara. Ranar da ya kai tara kuwa haka za mu jibge mu goma sha huɗu, aiki ya ƙare tun la'asar, kowa ya zuba wa kwamfuta ido yana ɗaure fuska. Mas Bagyo (Mas kamar a ce yaya namiji, mace kuma Mbak), wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, wasan badminton yake kallo a waya ta ƙarƙashin tebur. Ni kuwa na ƙware a gyangyaɗi da ido buɗe.

Wallahi mun gaji. Irin gajiyar da barcin Lahadi ba ya wanke ta.

Wulan ta fi mu shan wuya. Tana idar da sallar asuba take fita, ta yi awa biyu a tsaye cikin jirgin ƙasa, dawowa ma haka. Ana cikin haka mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki, kuma maƙwabciyar da ke duba ta ba ta iya wuce ƙarfe biyar. Wulan ba ta da miji, ba ta da wata hanyar samu sai wannan aikin.

Sai ta yi abin da ba wanda ya taɓa yi a cikinmu. Ta ƙwanƙwasa ƙofar Pak Darmaji.

"Pak, alfarma nake nema," ta ce. "Ka bar ni in riƙa aiki daga gida kwana uku a mako, sauran biyun in tashi ƙarfe uku. Ka faɗa min zane nawa kake so da ranar da kake so. In na gaza ko sau ɗaya, ka sallame ni."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya ce a gwada wata ɗaya.

Ranar farko da ta miƙe ƙarfe uku, Bagyo ya ɗaga murya. "A'a, Mbak Wulan, har an tashi? A gaida mana katifa!"

"Za ta ji, Mas. Wa ya ci wasan jiya? Na ga ka sha aiki a kansa."

Muka ƙunshe dariya.

Wata ya cika, ba zane ɗaya da ta makara da shi. Da asuba take yin mai wuyar, lokacin da kanta ke sake, ta kashe waya har sai ta gama. Amma da Pak Darmaji ya kira ta, ba maganar zane ya yi ba.

"Aikinki ba laifi," ya ce. "Amma kujerar nan taki da ke zama wayam tana lalata min sauran. Dubi Bagyo, har tara yana nan. Ko ki dawo kamar kowa, ko ki nemi wani wurin."

Ta ɗauki kofinta da daddumarta ta tafi. Muna kallo, ba wanda ya tsaya mata, har da ni. Har yau abin yana ba ni kunya.

Bayan mako uku, wani mai gina gidaje ashirin a Depok ya dawo mana da zanensa karo na biyu. Ƙofar banɗaki tana buɗewa cikin kicin, matakala kuma ta je ta ci karo da bango.

"Ina wadda ta yi min zanen aikina na baya?" ya tambaya. "In ba ta nan, ku ba ni takarduna."

Ranar Pak Darmaji ya zauna ya duba sunan da ke gefen kowane zane na watan da ya wuce. Talatin da ɗaya ne, goma sha uku na Wulan. Na Bagyo biyu.

Ya kira ta, ba ta ɗauka ba. Dole ya je da kansa. Ga shi ranar sha huɗu ga wata ce, lambar motarsa kuma da bakwai ta ƙare, kuma a dokar Jakarta mota mai lamba mara ba ta hawa manyan tituna ranar cika daga huɗu na yamma sai tara. Sai ya bi jirgi, a daidai lokacin tashi daga aiki.

Ya isa Bekasi rigarsa sharkaf da gumi, an tattake masa takalmi. Ya tarar da Wulan tana ba mahaifiyarta kunun shinkafa a cokali.

"Kullum haka kike fama da jirgin nan?" ya tambaya yana haki.

"Sau biyu a rana, Pak. Shekara takwas."

Ya sha ruwan da ta miƙa masa, amma girman kan bai gama sauka ba. "Ki dawo a kan yadda kika ce. Sai dai har yanzu ban gane ba, Wulan. Sauran suna iya zama har tara suna aiki, ke me ya gagare ki?"

Ta ajiye cokalin.

"Pak, kai me kake yi har tara?"

"Ni ai motata nake jira. Sai tara take hawa titi."

"To kai motarka kake jira, mu kuma kai muke jira. Aikin tun la'asar yake ƙarewa."

Ya miƙe ya yi mata sallama.

Washegari ya tara mu. Ya ce Wulan ta dawo, kuma daga yau duk wanda ya gama abin da aka ɗora masa ya kama gabansa. Sannan ya tambaya, murya ƙasa ƙasa, me ya sa ba wanda ya taɓa faɗa masa.

Bagyo ne ya amsa, kuma wannan karon ba wasa a muryarsa.

"Ba tarbiyya ba ce mu riga ka fita, Pak. 'Yata ta shiga shekara bakwai. Rabin kwanakinta a duniya, a barci nake samunta."

Darasi: Daɗewa a kan kujera ba shi ne aiki ba. In kai shugaba ne, ka auna mutum da abin da ya gama, kuma ka sani mutanenka na iya ƙarar da rayuwarsu suna jiran abin da ba ka ma san suna jira ba. In kai ma'aikaci ne, ka buɗe baki cikin ladabi tun kafin shekaru su tafi. Ku tura wa wanda kuka san har yanzu yana zaune yana jiran oga ya tashi.