Mutumin da Ya Zana Alli a Bangonsa

Akwai wani mutum, manomi, yana da mata mai suna Biriskila da 'ya guda, Keziya, wadda ba ta daɗe da barin nono ba. Mutumin nan ba wawa ba ne, kada ku ce na faɗa. Sai dai an sha cutarsa. An yi masa alkawarin taki, takin ya bi wata hanya. An yi musu alkawarin rijiyar burtsatse lokacin zaɓe, har yau rafi matarsa take zuwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ko gaisuwa ma'aikacin gwamnati ya yi masa, sai ya tambayi kansa, me wannan yake nema?

Da damina ta kankama, sauro ya yi yawa, sai aka aiko mata suna bi gida-gida, suna ba ƙananan yara maganin kariya daga zazzaɓi. In sun gama da gida, sai su yi alama da alli a bango kusa da ƙofa, domin 'yan'uwansu su san an riga an shiga.

Ran nan yana hutawa a gindin ɗorawa, sai saƙon murya ya shigo wayarsa. Wani ne, ba suna, ba gari, murya kamar ta mai wa'azi. Ya ce, "'Yan'uwa, ku farka! Allin nan ƙidayar gidajen masu bin Almasihu ake yi kafin zaɓe. Maganin kuwa, 'yar da ta sha ba za ta taɓa haihuwa ba. Wanda ya ji bai tura ba, alhakin jama'a yana wuyansa."

Manomin ya miƙe zumbur. "Ai dama na faɗa!" in ji shi, ya tura wa duk wanda ya sani. Daga ranar kowa ya zama abin tuhuma. Mai unguwa da ya yi shela, an saye shi. Fasto da ya yi sanarwa a majami'a, wa ya sani ko an ba shi nasa? Matarsa ma bai gaya mata ba, don ya san halinta. Za ta ce a je a tambayi malamar asibiti, ita kuwa malamar, albashin wa take ci?

Ya ce a ransa, in na kore su, mai unguwa zai zo, sunana ya shiga bakin hukuma. Sai dabara ta faɗo masa. Ya je unguwar da aka riga aka gama, ya ƙare wa wani bango kallo, ya sayi alli, ya zana irin alamar a nasa bangon. Matan suka zo, suka gani, suka wuce. Da Biriskila ta dawo daga rafi ta ga alli, ta ce, "Baban Keziya, sun zo ne?" Ya ce, "Sun zo, ta sha." In ruwa ya wanke, sai ya sake zanawa, yana murmushi wai ya fi gwamnati wayo.

Gero yana fitar da kai, jikin Keziya ya yi zafi. Uwar ta taɓa goshinta ta ce, "Haƙori ne. Ai ta sha magani, ba zazzaɓin sauro ba ne." Ta jiƙa tsumma tana goga mata. Mutumin ya san gaskiya, gaskiyar tana cinsa, amma ya faɗa ya ce me? Asibitin ma ai na gwamnati ne. Ya ɗauki fartanya ya tafi gona.

Sai da yarinyar ta fara jijjiga, idanunta suka juye, sannan suka ruga da ita a kan babur. Malamar asibiti ta ce, "Haba jama'a, me kuke jira tun tuni? Ta sha na rigakafin?" Biriskila tana kuka ta ce, "Ta sha, ga alama ma a bangonmu." Sai mutumin ya ce, "Ba ta sha ba. Ni na zana."

Matarsa ta juyo ta dube shi. Aka yi iya ƙoƙari, amma kafin rana ta faɗi Keziya ta cika.

To, ga ma'anar misalin nan, ku kasa kunne. Mutumin nan mu ne, ni da ku, kowa da wayarsa a aljihu. Yin hattara ba zunubi ba ne. Masu mulki sun sha yi mana ƙarya, Ubangiji kuwa bai kira mu mu zama tumakin kowa ba. Amma ku duba, wannan bawan Allah ya tuhumi mai unguwa, ya tuhumi fasto, ya tuhumi matar da take dafa masa tuwo. Mutum ɗaya tak bai tuhuma ba, wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba. Don me? Don ya faɗa masa abin da tsoronsa yake son ji, ya kuma shafa masa sunan Allah. An umarce mu mu gwada kowane ruhu, har da wanda ya kira mu 'yan'uwa.

Saboda haka in saƙo ya shigo yana ihu, kada ka tura. Tambayi kanka, wa ya faɗa, ina ya gani? Ka tashi ka je wurin wanda ka san gidansa, wanda in ya yi maka ƙarya gobe za ku haɗa ido. Mai muryar nan bai zo jana'izar Keziya ba. Bai ma san an yi wata yarinya mai wannan suna ba.