Abin da Ya Aske Kan Zabuwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu sha labari.

Tururuwa ke kawo wa dabbobi labari a jere, kowace da guntunta. Kunkuru ba ya shela sai ta ƙarshe ta iso, shi ya sa ake yarda da shi. Abin na cin Zabuwa a rai.

Ran nan tururuwa ta farko ta ce, "Tafki ya cika."

Zabuwa ta miƙe za ta yi shela, Kunkuru ya ce mata, "Ƙanwata, dakata, jerin bai ƙare ba."

Zabuwa ta ce, "Yi ta jira, Yaya! Yau ni za a yaba."

Ta ruga tana shela, ta riga kowa tsoma kai. Sai ga tururuwa ta ƙarshe tana haki: "Akwai kada a ciki!"

Zabuwa dai ta tsira, amma gashin kanta na bakin kada har yau.

Ƙurunƙus kan mai sanƙo.