Gaiwa a Gaban Alƙali Zalɓe

Ga ta nan tafe gare ku!

Ta iso, muna ji!

Wata shekara Dorina ta kwanta a bakin rafi, ta tare ruwa don gurbinta ya yi zurfi. Fadama ta ƙafe, 'ya'yan Gaiwa suna ta wutsil-wutsil a taɓo. Gaiwa ta ja ciki, ta kai ƙara wurin alƙali Zalɓe.

"Allah gafarta Malam, Dorina ta hana mu ruwa!"

Zalɓe ya ce, "Ina shaidunki?"

"'Ya'yana bakwai, ka wuce su da safe."

"Ban ga kowa ba. Babu shaida, babu shari'a."

Yana buɗe baki, sai ga wutsiyar autanta a maƙogwaronsa.

Gaiwa ta ce, "Tir! Shaidun suna cikinka, azzalumi!"

Ta nutse cikin laka, ta rantse ba ta fitowa sai ruwa ya dawo.

Ƙurunƙus kan ɗan tarwaɗa!